Kakar 1912 ta makarantar Carlisle: ta wa ce wannan nasarar?

Sadiq T/Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda an ce kowa ya kawo tarihin wata ƙungiya da ta burge shi, ni na kawo ta wata makaranta ce a Amurka, kakar wasa ta 1912. Wasan shi ne zari-ruga irin na Amurkawa, wanda ake rungumar ƙwallo a sheƙa da ita ana karo da juna. Makarantar sunanta Carlisle, a lokacin tana jihar Pennsylvania, ta kwana ce ta gwamnati, kuma ɗalibanta duka 'ya'yan ƙabilun asalin ƙasar ne, waɗanda Turawa suka zo suka tarar a can.

Wasa 14 suka buga. Suka ci 12, suka yi canjaras a ɗaya, aka doke su a ɗaya. Makin da suka tara ya haura 500. Sun lallasa jami'o'in Syracuse 33 da 0, Pittsburgh 45 da 8, Georgetown 34 da 20, Lehigh 34 da 14, sannan suka rufe kakar da Brown 32 da 0. Kocinsu Glenn Warner ne, wanda aka fi sani da Pop Warner. Kyaftin ɗinsu kuwa Jim Thorpe, ɗan ƙabilar Sac and Fox, wanda a watan Yulin shekarar ya ci lambobin zinare biyu a gasar Olamfik ta Stockholm, ya dawo gida ya sa rigar makaranta ya shiga fili.

Amma wasan da ake tunawa shi ne na ranar 9 ga Nuwamba, da suka je West Point, kwalejin horar da hafsoshin sojan Amurka, suka doke su 27 da 6 a filinsu. Cikin 'yan wasan sojan har da wani matashi Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya jagoranci dakarun ƙawance a Turai a yaƙin duniya na biyu, ya kuma zama shugaban ƙasa.

Ni abin da na tsaya a kai biyu ne. Na farko, a 1912 babu ƙungiyar da ta kai Carlisle a duk Amurka. Na biyu, nasarar ta yaran nan ce, ba ta makarantar ba, ba kuma ta Warner ba. Mai ja ya zo mu tattauna.

Ummi A.:
Wa alaikumus salam Yaya Sadiq. Kafin a yi nisa a taimaka wa irinmu. Yaya ake lissafin har a ce 27 da 6? Ƙwallo 27 aka jefa a raga?

Injiniya Bello:
A'a ƙanwata, ba raga a wannan wasan. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Abin da ake so shi ne ka kai ƙwallo bayan layin ƙarshe na abokan karawarka, a hannunka. Idan ka kai, maki shida ne, sai a ba ka damar buga ta da ƙafa ta bi ta tsakanin sanduna biyu, ka ƙara ɗaya. Idan kuma ka ga ba za ka kai ba, kana iya buga ta tun daga nesa, in ta shiga tsakanin sandunan ka samu uku. To 27 ɗin Carlisle a West Point, tsallake layi huɗu ne, wato 24, da bugun ƙari uku.

Kuma wannan shekarar ta 1912 tana da muhimmanci, domin a cikinta aka gyara dokoki wasan ya ɗauki kamannin da yake da su yau. Kafin nan tsallake layi maki biyar ne, aka mayar shida. Da ana ba ƙungiya yunƙuri uku ta ci yadi goma, aka mayar huɗu. Filin da yake yadi 110 aka rage shi zuwa 100, aka ƙara wani yanki a bayan kowane layin ƙarshe inda za a iya cafe ƙwallo. Aka kuma cire iyakar yadi 20 da aka sa wa jifan gaba. Duk waɗannan sun yi wa ƙungiya mai gudu da dabara daɗi, kuma yaran Carlisle ba su cika nauyin jiki ba in aka kwatanta da na manyan jami'o'i, gudu da dabara su ne jarinsu.

Tushen gyaran kuwa tun 1905 ne. A lokacin wasan cunkuso ne zalla, a haɗe kai a tura, ana take mutane. A shekarar an rasa rayuka kusan ashirin a filayen wasa, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ce a gyara. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba, aka kuma kafa hukumar kula da wasannin jami'o'i, wadda daga 1910 ta koma NCAA.

Malam Tanimu:
Sadiq, maganarka ta farko ban yarda da ita ba. Harvard ta buga wasa tara a 1912 ta cinye duka, ta doke Princeton ta doke Yale, kuma ita ce akasarin masu lissafi suka ba kambun shekarar. Penn State ma ba a doke ta ba. Carlisle ɗinka fa? Mako ɗaya tak bayan West Point suka je Philadelphia, jami'ar Pennsylvania ta ba su 34 da 26. Sun kuma kasa cin ko maki ɗaya a gaban kwalejin Washington and Jefferson, aka tashi 0 da 0. Ƙungiyar da aka zura wa maki 34 a wasa ɗaya ba za ka ce ta fi kowa ba.

Sannan sojojin nan da ake ta kururutawa, wasa takwas suka buga a shekarar, aka ci su uku. Sunan Eisenhower ne ya ɗaga wasan daga baya. A ranar ba kowa ba ne shi, ɗan aji biyu ne kawai mai ƙwazo.

Sadiq T/Wada:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma a dubi yadda kowa ya buga nasa. Harvard kusan duk wasanninta a gida take yi, a katafaren filinta, gaban 'yan kallonta. Carlisle ba ta da filin da zai ɗauki jama'a, don haka duk wani babban wasa sai sun hau jirgin ƙasa. Syracuse, Pittsburgh, Washington, West Point, Philadelphia, Springfield, Providence, duk baƙunta suka je. Kwana biyu bayan wasan Georgetown suna Toronto ta Kanada suna wani. A farkon kaka sun buga wasa biyar cikin kimanin mako biyu, kuma na biyar ɗin shi ne canjaras ɗin da ka ambata. Wasan da ake karo da jiki, wa zai jure haka in ba su ba?

Kuma kar a manta a 1911 sun je har gidan Harvard ɗin sun doke ta 18 da 15, Thorpe ya buga ta ƙafa sau huɗu duk suka shiga, alhali ƙafarsa a ɗaure take da bandeji. A 1912 ba a haɗa su ba. Ban ce Harvard ba ta cancanci yabo ba, amma tara akasari a gida ba ɗaya ba ne da sha huɗu akasari a kan hanya.

Malam Tanimu:
Harvard ɗin da aka doke a 1911 da 'yan benci ta fara wasan, wannan sananne ne. Kuma akwai batun shekaru. Thorpe yana da shekara 25 a 1912. Carlisle ba jami'a ba ce, makarantar koyon sana'a ce da karatunta bai wuce na sakandare ba, don haka dokar da ta taƙaita wa ɗaliban jami'a shekarun wasa ba ta kama su yadda ta kama sauran ba. Magidanta ne suke karawa da samari.

Maman Walid:
Ku yi haƙuri in katse ku. Kuna ta lissafin maki, ni kuwa zuciyata ba ta barina in karanta sunan Carlisle in wuce haka nan.

Muna zaune a Pennsylvania ni da maigidana, kuma na je garin. Wurin da makarantar take yanzu barikin soja ne, a nan kwalejin yaƙi ta sojan ƙasa take. A gefen barikin, dab da titi, akwai maƙabarta. Fararen duwatsu ne a jere, tsawo ɗaya faɗi ɗaya irin na kaburburan sojoji, sai ka matsa kusa ka ga na yara ne. An rubuta suna, da ƙabila, da ranar rasuwa. Wasu ba suna ma, an rubuta ba a san mai shi ba. Masu ziyara suna ajiye 'yan kayan wasa da sulalla a kan duwatsun, suna ɗaura ƙyallaye a rassan wata bishiya da ke tsakiya. Kaburbura sama da 180 ne. Tun 2017 sojoji suke tono wasu suna mayar wa danginsu, an fara da 'yan ƙabilar Arapaho.

Wani hafsan soja, Richard Henry Pratt, shi ya buɗe makarantar a 1879. Manufarsa da bakinsa ya faɗa, a kashe ɗan ƙabilar da ke cikin yaro don a ceci mutumin. Ana kawo yaro daga nisan dubban mil, a aske masa gashin da a wurinsu abu ne mai daraja, a cire masa kayan gida a sa masa yunifom, a canza masa suna, a hana shi magana da harshen uwarsa, in ya yi a hukunta shi. Da rani a tura su gidajen Turawa aikin gona da aikatau. Tarin fuka da sauran cututtuka suka kwashe da yawa. Dubban yara daga ƙabilu sama da 140 suka bi ta wurin kafin a rufe a 1918.

To ƙungiyar ƙwallon nan ita ce tallar wannan tsarin. Duk sanda suka ci wasa, jaridu su ce ga shi nan, makarantar tana aiki, an wayar da su. Shi ya sa, Sadiq, da ka ce nasarar ba ta makarantar ba ce, ina so in yarda da kai amma na kasa. Makarantar ta ci moriyarta sosai.

Ummi A.:
Innalillahi. Anti, wallahi ban san da wannan ba. Iyayen da yardarsu ake ɗaukar yaran?

Maman Walid:
Wasu da yardarsu, don sun ga duniya ta juya, suna so ɗansu ya iya karanta takardar da ake ƙwace musu ƙasa da ita. Wasu kuwa an matsa musu ne, jami'an gwamnati na iya riƙe musu rabon abinci har sai sun saki yaro. Wasu yaran marayu ne. Shi kansa Thorpe ya zo a 1904, mahaifiyarsa ta riga ta rasu, mahaifinsa ma ya rasu ba da daɗewa da zuwansa ba. Ɗan'uwansa tagwai kuwa tun suna ƙanana ciwo ya kashe shi, lokacin suna wata makarantar kwana irin wannan a Oklahoma.

Baba Alhaji:
'Yata, maganarki gaskiya ce, Allah ya saka. Amma bari in tsaya wa yaron nan Sadiq ta wani gefe.

Ku lissafa shekaru. A ƙarshen Disambar 1890 sojan Amurka suka kashe ɗaruruwan 'yan Lakota a Wounded Knee, maza da mata da yara. Daga nan zuwa wasan West Point shekara 22 ce, ba ta ma cika ba. Wato iyayen yaran nan da kakanninsu su ne suka yi yaƙi da rundunar da waɗannan ɗaliban hafsoshi za su gada. Kuma a 1912 da yawa daga 'yan asalin ƙasar ba su da matsayin 'yan ƙasa, sai a 1924 aka yi dokar da ta game su duka. Yaro a wannan hali, an raba shi da gida, an hana shi harshensa, ana gaya masa kullum shi ƙasa yake da Bature, sai ga rana ɗaya an shata fili, an sa alƙali, an ce doka ɗaya ce a kan kowa, mutum goma sha ɗaya da goma sha ɗaya. Ya shiga ya yi musu 27 da 6 a gidansu. Ki ce mini abin da ya ji a ƙirjinsa a jirgin komawa na makaranta ne? Makaranta ta ɗauki hoton ta yi talla da shi, na yarda. Amma abin da ya faru a filin su suka yi shi, da jikinsu da ƙwaƙwalwarsu, kuma sun san da wa suke karawa. An ruwaito Warner kansa ya tuna musu da wannan tarihin kafin su fita.

Abu biyu na iya zama gaskiya a lokaci guda, ba sai ɗaya ya kori ɗaya ba.

Malam Tanimu:
Ranka ya daɗe, a nan ne ma Warner yake ba ni haushi. Mutumin da yake karɓar albashi a gidan da aka gina don shafe ƙabilarsu, shi ne zai tuna musu da jinin iyayensu don su ci masa wasa?

A bi kuɗin. Tunda a manyan birane suke wasa, rabon kuɗin ƙofa da Carlisle ke samu ba kaɗan ba ne, kuma yana shiga asusun ƙungiyar wasanni da Warner ke juyawa. Da shi aka yi gine-gine a makarantar. 'Yan ƙwallo suna da ɗakin kwanansu daban da abinci mai kyau, sauran ɗalibai suna kukan yunwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sannan ku dubi abin da ya biyo bayan kakar da wata biyu. A Janairun 1913 wata jarida a Worcester ta buga cewa Thorpe ya taɓa buga wasan besbol a North Carolina a 1909 da 1910 ana biyansa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ɗaliban jami'a Turawa da yawa suna yin haka lokacin hutu, sai dai su da sunan ƙarya suke yi, shi kuwa da sunansa na gaskiya ya yi. Dokar Olamfik ta lokacin ta ce ɗan wasa kada ya taɓa karɓar kuɗi. Warner da shugaban makarantar, Moses Friedman, suka nuna ba su san komai ba, aka sa Thorpe ya rubuta takarda ya ɗauki laifin shi kaɗai. Aka ƙwace zinarensa biyu, duk da cewa ƙa'idar gasar ta ce ƙorafi cikin kwana 30 ake kawo shi, wannan kuwa an haura wata shida. Ya mutu a 1953 ba a mayar masa ba. Sai a 1982 aka dawo da sunansa, shi ma a matsayin wanda ya yi tarayya da wasu, sai a Yulin 2022 aka ce shi kaɗai ne zakara. Kocin da ya raka shi har Stockholm bai tsaya masa ba.

Nura Mai Tamaula:
Malam, ni fa ina ganin an yi wa Warner yawa. Halinsa daban, aikinsa daban. Ba don shi ba wa zai san Carlisle? Shi ya ƙirƙiro tsarin tsayuwar da suka ruɗa sojoji da shi. Kafin zuwansa a 1899 ƙungiyar tana da ƙarfi amma ba ta kai nan ba. Kuma da ya bar su ya koma Pittsburgh a 1915 ai ya ci kambun ƙasa a can, daga baya ya je Stanford ya yi suna. Ke nan ilimin nasa ne. Har yau gasar yara ta wannan wasa a Amurka sunansa take ɗauke da shi.

Injiniya Bello:
Nura, kana da gaskiya rabi. Bari in bayyana abin da suka yi a West Point. Yawancin ƙungiyoyin lokacin suna jera masu gudu a bayan layi kusa da juna, kowa ya san ta tsakiya za a kutsa. Warner ya fitar da biyu daga cikinsu, ɗaya can gefen dama ɗaya can gefen hagu, kamar fukafukai. Da an saki ƙwallo, wanda ya karɓa yana iya miƙa wa na dama da ke gudu hagu, shi kuma ya miƙa wa na hagu da ke gudu dama, ko a yi kamar an miƙa ba a miƙa ba, ko a jefa ta gaba. Masu tsaro sai su bi mutumin da hannunsa wayam, mai ƙwallon ya riga ya wuce ta ɗaya gefen.

Amma zana wannan a allo abu ne mai sauƙi. Yin sa cikin gudu, hannu zuwa hannu ba tare da ta faɗi ba, ana kawo maka karo, wannan sai masu hannu da natsuwa. Kuma a lokacin doka ta hana koci ba da umarni daga gefen fili. Da an busa usur, mai zaɓen dabarar da za a yi kowane yunƙuri shi ne mai rarraba ƙwallo, wato Gus Welch, ɗan ƙabilar Chippewa. Shi yake karanta tsayuwar sojoji ya kira abin da za a yi, kuma da sauri yake kira don kada su samu numfashi. Ke nan hatta dabarar, rabinta a kan ɗalibi take.

Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba, a ranar Thorpe shi ya riƙa yanka fili da dogon gudu, amma mai tsallake layin sau uku Alex Arcasa ne, Joe Bergie ya yi ɗaya. Wasan ya yi zafi har aka kori kyaftin ɗin sojoji, Leland Devore, saboda abin da ya yi wa Joe Guyon. Ɓangaren Carlisle ma an kori Stancil Powell.

Ummi A.:
Na taɓa gani a Facebook wai Thorpe ne ya karya wa Eisenhower ƙafa a wasan, shi ya sa ya bar ƙwallo. Haka ne?

Sadiq T/Wada:
Ba haka ba ne Ummi. Sun yi karo a filin, gaskiya ne, kuma Eisenhower ya yi ta ba da labarin Thorpe da girmamawa har tsufansa. Amma gwiwar da ta raba shi da wasa a mako na gaba ya ji ciwonta, a karawarsu da Tufts, ya kuma ƙara fama ta wajen atisayen hawan doki. Omar Bradley ma, wanda shi ma ya zama babban janar, ɗan ajin Eisenhower ne a West Point a lokacin.

Nura, ka ce ba don Warner ba wa zai san Carlisle. Ni kuma in tambaye ka, Warner ya horar a Georgia da Cornell, me ya sa sai a Carlisle ya riƙa fito da sababbin abubuwa? Domin a nan ya samu yaran da ke son dabara, suna jin daɗin su mayar da ɗan Harvard wawa a gaban jama'arsa. A 1903 suka cusa ƙwallo a bayan rigar Charles Dillon ya ruga har layi 'yan Harvard na neman inda take, ko da yake an ci su 12 da 11 a ƙarshe. A 1907, Frank Mount Pleasant da abokansa suka riƙa jefa ƙwallo mai nisa suka doke Pennsylvania 26 da 6, shekara shida kafin wasan jami'ar Notre Dame da sojoji na 1913 da ake yawan cewa shi ya buɗe wa jifan gaba ƙofa.

Maman Walid:
Tunda an ambaci Gus Welch, to ga inda zan iya haɗuwa da Baba da Sadiq. Bayan abin da aka yi wa Thorpe, wanda amininsa ne, Welch bai yi shiru ba. Shi ya jagoranci tattara sa hannun ɗalibai sama da 200 a takardar koke, aka kai ta gaban hukuma. A farkon 1914 kwamitin majalisar dokokin ƙasar ya zo makarantar ya zauna, ɗalibai suka ba da shaida a kan duka, da ƙarancin abinci, da yadda ake sarrafa kuɗin wasanni. 'Yan wasa suka faɗi irin zagin da Warner ke musu. Friedman ya rasa kujerarsa, Warner ya tattara ya tafi Pittsburgh.

Wannan shi ne abin da ya fi 27 da 6 girma a wurina. A West Point sun doke ɗaliban da ba su taɓa yi musu komai ba. A 1914 kuwa sun tunkari mutanen da ke riƙe da abincinsu da makomarsu. Welch daga baya ya karanta lauya a Dickinson, nan cikin garin Carlisle, ya yi aikin soja a matsayin hafsa a yaƙin duniya na farko, ya zama kocin kwalejin Washington State. In za a ba wani kyaftin ɗin wannan zamanin, ni shi zan ba.

Baba Alhaji:
Madalla. Amma 'yata, kina ganin ɗalibi ɗari biyu za su bi shi su sa hannu, majalisa kuma ta saurara, ba don shi ne Welch ɗin da ya ja ƙungiya ta doke sojoji ba? Sunan da ya yi a fili shi ya ba shi bakin magana. Shi ya sa ban raba biyun ba.

Maman Walid:
Na ji wannan Baba, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai 'yan matan makarantar da ƙananan yara ba su da fili ba su da suna, kuma su ne suka fi yawa. A Disambar 2024 gwamnatin Amurka ta ayyana wurin a matsayin wurin tarihi na ƙasa, kuma saboda su aka yi, ba saboda ƙwallo ba.

Nura Mai Tamaula:
To na sassauta a kan Warner ta fuskar hali. Amma ina nan kan bakata cewa a cire Thorpe daga 1912, ƙungiyar nan ta zama gama-gari. Mutumin da ya ci gasar wasanni biyar da ta wasanni goma a Olamfik, Walter Camp, mai zaɓen gwanayen wannan wasa na kowace shekara, ya sa shi cikin zaratan ƙasa a 1911 da 1912, shi ke gudu, shi ke bugu, shi ke tsaro. Daga baya ya buga besbol a New York Giants, ya buga wa Canton Bulldogs zari-ruga, a 1920 ya zama shugaban farko na gasar ƙwararrun wannan wasa, wadda daga baya ta koma NFL. Irinsa ɗaya ne.

Injiniya Bello:
Irinsa ɗaya ne, babu musu. Amma an cire shi ɗin ai, an kuma gani. A 1913 babu Thorpe, Carlisle ta ci wasa 10, canjaras ɗaya, aka doke ta sau ɗaya. Ta je New York ta doke Dartmouth 35 da 10, alhali Dartmouth ba a taɓa cin ta ba a kakar kafin ranar. Guyon da yake cikin masu tare gaba a 1912 aka mayar da shi mai gudu ya cike gurbin, shi da Pete Calac, Welch yana kyaftin. Guyon ɗin nan ya je Georgia Tech aka ci kambun 1917 da shi. Ko a Stockholm ma ba Thorpe kaɗai ya wakilci makarantar ba, Lewis Tewanima ɗan ƙabilar Hopi ya ci azurfa a tseren mita 10,000. Ƙungiyar ba ta durƙushe ba sai daga 1914, bayan binciken majalisa, lokacin da aka tsuke bakin aljihun wasanni aka daina tara manyan 'yan wasa.

Malam Tanimu:
Wannan na 1913 hujja ce mai ƙarfi, na karɓa, kuma ta ƙara nuna ba aikin mutum ɗaya ba ne. Amma Sadiq, kambun 1912 na Harvard ne har gobe. Wanda ya ci sojoji ranar Asabar, ya je Philadelphia Asabar ta gaba ya bari aka zura masa 34, bai gama aikinsa ba. Ka kawo mini dalilin wannan rashin nasarar da ba gajiyar jirgi ba, sai mu ci gaba.

Sadiq T/Wada:
Dalilin kurakurai ne Malam, ba na ɓoyewa. Sun saki ƙwallo a inda bai kamata ba tun farkon wasa, Pennsylvania ta yi amfani da damar ta yi musu nisa, suka taso suka kamo, Thorpe ya yi wani dogon gudu ya tsallake layi, sannan aka sake kubce musu a ƙarshe. Maki 26 a gidan Pennsylvania ba wasan gajiyayyu ba ne. Kambun takarda ka bar wa Harvard, ban hana ba. Ni dai da za a haɗa su a fili ɗaya a ƙarshen Nuwamban nan, ranar da Carlisle ta yi wa Brown 32 da 0, ina bayan Welch da mutanensa.

Malam Tanimu:
Ita ma Harvard ta kara da Brown ɗin a kakar ta kuma doke ta da rata mai yawa, sannan ta je New Haven ta yi wa Yale 20 da 0, Charles Brickley yana buga ta ƙafa yadda Thorpe ke yi. Ka sa wannan a ma'auninka tukuna.